Bayan An Ci Ƙarfin Sankarar Jini, Kada A Yar Da Katin Asibiti

Ina gaida mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da duk wanda muryar nan ta iske, a gida yake ko a kasuwa ko a bakin gadon majinyaci. Waɗanda ke kwance, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da ba a cika yin ta ba, ko tsakanin masu jinya, ko a ɗakin ganin likita. Mutum ya kamu da sankarar jini, ya sha magani shekara da shekaru, Allah ya ba shi sauƙi, ya koma gonarsa ko rumfarsa, 'yan'uwa suka yi barka. Bayan shekara biyar ko goma sai wata sankarar ta ɓullo masa. Ba ta farkon ce ta dawo ba, sabuwa ce fil, wani lokaci a jinin, wani lokaci a fata ko mafitsara ko mama ko huhu. Kuma cikin abubuwan da kan buɗe mata ƙofa, har da shi kansa maganin da ya ceci ran mutumin.

Na san abin da wani zai ce daga jin haka. Zai ce ashe an gudu ba a tsira ba, to shan maganin na mene ne? Shi ya sa tun kafin in yi nisa zan faɗi inda na tsaya. Duk wanda likita ya ɗora a kan magani, kada ya bari, ko na kwana ɗaya, saboda abin da zai ji a wannan fili. Kirana shi ne kada wanda ya samu sauƙi ya sallami kansa daga asibiti, kuma kada a bar shi ya koma gida ba tare da rubutaccen bayanin abin da ya sha ba.

Mu fara daga ɓargo. A cikin ƙashi ake ƙera jini, dare da rana ba hutu: jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga sassan jiki, farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da jini idan an ji rauni. Sankarar jini na farawa ne idan wata ƙwaya guda ta samu tangarɗa a tsarin halittarta, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har ta cinye wurin na kirki. Iri-iri ce. Akwai mai saurin kayar da mutum cikin makonni, akwai mai tafiya a hankali tana kumbura saifa, akwai mai fitowa kamar kaluluwa a wuya ko hammata wadda likitoci ke kira limfoma, akwai kuma mayeloma mai cin ƙashin baya da ƙugu, wadda ta fi kama manya.

Tsofaffin magungunan kemo, waɗanda har gobe su ne aka fi samu a asibitocinmu saboda sauƙin kuɗi, aikinsu shi ne lalata tsarin halittar duk wata ƙwaya mai saurin hayayyafa. Manomin Kwatarkwashi ko Nahuce ya san wannan a aikace: idan ya yi feshin maganin ciyawa, hakin zai mutu, amma akan sami tushen masara nan da can da feshin ya taɓa, bai mutu ba, bai kuma koma daidai ba. Haka abin yake a ɓargo. Wasu lafiyayyun ƙwayoyi kan sha maganin su rayu da tabo, kuma daga cikin masu tabon ne wata kan rikiɗe bayan shekaru.

Likitoci ba yau suka san haka ba. Asalin wannan rukunin magunguna daga gubar yaƙi aka samo shi. A 1942, a jami'ar Yale ta Amurka, aka fara gwada wani ɗan'uwan iskar gubar da aka yi amfani da ita a yaƙin duniya na farko a kan wani mai limfoma, kumburinsa ya sace na ɗan lokaci. Daga nan aka samar da melfalan da saikulofosfamaid da kulorambusil. A 1970 likita Robert Kyle da abokan aikinsa na asibitin Mayo suka ba da rahoton masu mayeloma da suka sha melfalan na tsawon lokaci, daga baya wata sankarar jini mai zafi ta kama su. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya waɗannan magunguna uku cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna iya haddasa sankara. Duk da haka ba a daina ba da su ba, don an auna an ga rayukan da suke ceta sun ninka waɗanda suke cutarwa nesa ba kusa ba. Saikulofosfamaid ɗin nan shi ne ke narkar da kumburin muƙamuƙin yara da ake kira limfomar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma a Ibadan likita Victor Ngu ya yi fice wajen warkar da yara da irin waɗannan magunguna.

Akwai lissafin lokaci da ya kamata kowane majinyaci ya riƙe. Su melfalan da danginsa, idan za su jawo sabuwar sankarar jini, galibi sai bayan shekara 5 zuwa 10, kuma takan fara da lalacewar ɓargo a hankali, jini ya yi ta ƙasa ba dalili. Wani rukunin kuma, su etofosaid da jar allurar nan doksorubisin, nasu kan zo da wuri, cikin shekara 1 zuwa 3 ko ɗan fiye. Saikulofosfamaid idan an daɗe ana sha yakan taɓa mafitsara. Gashi da na'ura kuwa, idan an yi wa yarinya ko budurwa a ƙirji, yana ƙara haɗarin sankarar mama ko bayan shekara ashirin ne. A ƙasar Holan an bi diddigin mutum 3,905 da aka yi wa maganin limfomar Hodgkin tsakanin 1965 da 2000. Rahoton da aka fitar a 2015 ya nuna cewa cikin shekara 40, kusan rabinsu sun gamu da wata sankarar, alhali a sauran jama'a masu irin shekarunsu kimanin kashi 19 cikin 100 ne. Adadin na da tayar da hankali, amma a lura da abu guda: an iya ƙirga su ne domin sun rayu shekara talatin da arba'in, suka yi aure, suka ga jikoki, daga cutar da a dā take kashewa cikin 'yan shekaru.

Mu dubi mayeloma da kyau, don ta shafe mu. Bincike a Amurka ya daɗe da nuna cewa ta fi kama baƙar fata kusan ninki biyu a kan fararen fata, kuma a nan sau da yawa akan ɗauke ta ciwon baya ne na tsufa ko na noma, a yi ta shan maganin ciwon jiki daga kemis har ƙoda ta taɓu. Akwai wani magani da ake kira lenalidomaid, wanda ake sha kullum na tsawon shekaru don a danne cutar bayan an ci ƙarfinta. A 2012 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje uku a kansa, kuma duka ukun sun ga ƙaruwar sabuwar sankara. A gwajin da aka yi a Amurka da mutum 460, kashi 8 cikin 100 na masu shan maganin sun sami wata sankarar, a kan kashi 3 na waɗanda ba su sha ba. A shekarar ce hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi. To amma ga ɗaya ɓangaren lissafin, daga wannan gwajin dai: masu shan maganin sun yi kimanin wata 46 kafin mayeloma ta sake motsawa, waɗanda ba su sha ba wata 27. Wato wanda ya ƙi maganin don tsoron cutar da ke iya samun mutum takwas cikin ɗari, ya miƙa wuyansa ga cutar da ke jikinsa tabbas. Daga baya, a 2014, wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna haɗarin ya fi yawa idan an haɗa lenalidomaid da ƙwayar melfalan ta sha. Wannan bayani na da amfani ga likitocinmu ƙwarai, tunda melfalan na cikin abin da talaka ke iya saye.

Sai kuma labarin da ya fi daɗin ji, na sankarar jini mai tafiya a hankali da likitoci ke kira CML, mai sa saifa ta cika ciki. A 1960 wasu masana biyu a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka gano tangarɗar da ke haddasa ta. A 2001 aka amince da imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ƙwaya ce da ke toshe ita tangarɗar kai tsaye ba tare da yi wa sauran jiki ɓarna irin ta kemo ba. A babban gwajin da aka bi masu shan ta, fiye da kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara goma. Nan Nijeriya, a 2003 aka fara ba da wannan magani kyauta ta hannun kamfanin Novartis da gidauniyar Max, kuma shekaru da yawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi, shi ne cibiyar da ake karɓa. Ku ƙiyasta nisan Bunguɗu da Ife, da kuɗin mota, da kwanan hanya, ga mutumin da jikinsa ba ƙwari.

Shin ita ma wannan ƙwaya tana jawo wata sankarar? Bincike a cibiyar MD Anderson ta Amurka a 2011, a kan majinyata fiye da 1,400, bai ga ƙari ba. Wani bincike a Suwidin a 2015 ya ga ƙari, amma masu binciken sun karkata ga cewa daga ita cutar ne abin ya taso, ba daga maganin ba. Wannan na tuna mana cewa ba kowace sankara ta biyu za a ɗora wa magani ba. Ita kanta sankarar jini tana raunana garkuwar jiki, shekaru na ƙaruwa, akwai gado, akwai taba. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne, wanda ya taɓa yin sankarar jini ya fi sauran mutane buƙatar a riƙa duba shi.

Bari in ɗan ratse saboda iyayen masu sikila, don na san wasunsu sun ji gabansu ya faɗi. Haidiroksiyuriya da ake ba 'ya'yanku, gaskiya ne ana ba masu wasu cututtukan ɓargo ita, kuma a cikin manyan da suka daɗe suna sha an ga gyambon ƙafa da sankarar fata, musamman ga masu farar fata. Amma ga masu sikila, an shafe shekaru ana bibiya, amfaninta wajen rage tashin ciwo da ƙarin jini a bayyane yake. A Kano ma, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, an yi bincike da ita wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Uwa, kada ki janye wa ɗanki magani. Ki dai riƙa kai shi awon jini a kan lokacin da aka sa miki.

Yanzu mu dawo gida, inda gizo ke saƙar.

A ce mutumin Keta ne ko Ɗanjibga, ko na Furfuri. Ya fara daga asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, aka tura shi Asibitin Tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura. Daga nan, gwargwadon irin cutar, wataƙila aka ƙara tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Shika, ko Kano. Kowane wuri aka buɗe masa kati da fayil. Ya sayar da sa, ya jinginar da gona, dangi suka yi karo-karo, ya gama allurai. Ranar da aka ce masa jini ya yi kyau, a ransa an rufe babi. Wa zai ga laifinsa? Hanyar Tsafe zuwa 'Yankara da Funtuwa, ko ta Maru zuwa Mafara da Tureta, kowa ya san da addu'a ake bin su a 'yan shekarun nan. Mutumin da ba ya jin ciwon komai ba zai ɗauki kuɗin buhun gero ya bi wannan hanya don kawai a ɗebi jininsa a duba ba. Wasu ma garinsu aka tasa, suka fito da kayan jikinsu, katin asibiti ya ƙone tare da rumbu. A 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan, ko kiran likita a tambayi ranar komawa bai yiwu ba.

Shekara shida ta wuce. Sai ya fara jin kasala, yana haki idan ya yi 'yar tafiya, zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Ya je kemis, aka ce maleriya ce. Bai ji sauƙi ba, aka ce taifot. Tafin hannu ya yi fari, aka yi ƙarin jini leda ɗaya, ya ɗan farfaɗo, bayan wata guda jinin ya sake zubewa. A gida aka fara raɗe-raɗin sammu ko jifa, aka kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, ga mutumin da ƙwayoyin tsayar da jininsa sun ƙare, jini ya ƙi tsayawa. A duk wannan zagaye ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa shan maganin sankara, shi ma bai faɗa ba, don bai ga alaƙa ba, ko kuma yana ɓoyewa saboda kada a ƙi auren 'ya'yansa. Ko da an tambaye shi sunan maganin, abin da zai iya cewa shi ne wata jar allura da wasu 'yan ƙwayoyi. A nan ne muke asarar mutane, kuma wannan asara ce ta takarda da tambaya, ba ta rashin na'ura mai tsada ba.

Ba zan ɓoye muku ba, sankarar jinin da ke biyo bayan kemo tana da taurin kai, ta fi ta farko wuyar magani ko a ƙasashen da suka ci gaba. Amma ba duka ne a jini suke fitowa ba. Ta mama, ta fata, ta mafitsara, ta bakin mahaifa, ta hanji, waɗannan idan an kama su da wuri ana yin aiki a cire, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Ko ta jinin ma, sanin ta da wuri na hana a yi ta kashe kuɗi a kan taifot ɗin da babu shi, yana ba iyali damar shirya masu ba da jini, yana kuma hana a kai majinyaci inda za a yi masa tsaga.

Don haka, malam, ko ke baiwar Allah da kika taɓa shan maganin sankarar jini, ga abubuwan da ba a kwana da su. Jini ya riƙa ƙasa ba ciwon da ya bayyana. Haɓo ko zubar jinin dasashi da ba a saba ba, ko tabon kwanciyar jini a fata ba tare da an buge ba. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya. Jini a fitsari, kada a ce tsargiya ce kawai a yi shiru. Ƙullutu a mama ko wuya ko hammata. Gyambon da ya wuce wata bai warke ba. Tarin da ya daɗe, ko rama ba dalili. Ko ɗaya daga ciki ka gani, ka tafi asibiti, kuma kalmar farko da za ka faɗa wa likita ita ce: na taɓa yin sankarar jini, a shekara kaza, a asibiti kaza. Ko ba ka ga komai ba, awon ƙwayoyin jini ko sau ɗaya ne a shekara ba ya buƙatar zuwa Sakkwato, a Gusau ma ana yi.

Akwai kuma abin da ke hannunka. Taba sigari da shisha, ga wanda ya sha kemo ko aka yi masa gashi a ƙirji, haɗarinsu ya fi na kowa. Sana'ar bumburutu ma haka. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma duk mun ga yadda samari ke zuƙo shi da baki ta tiyo, suna wuni cikin tururinsa a bakin titi. Wanda ɓargonsa ya riga ya sha wuya, dangi su taimaka masa ya canza sana'a.

Ga likitocinmu, ina roƙo da girmamawa, don na san yawan majinyata da ƙarancin hannu. Ranar sallama a ba mutum takarda guda: sunan cutarsa, sunayen magungunan da ya sha da yawansu, ko an yi gashi da kuma wurin da aka yi, da ranar awo na gaba. A faɗa masa da Hausa, a gaban ɗansa ko matarsa ko mijinta, cewa akwai ɗan haɗari nan gaba da kuma alamominsa. Wasu na ganin faɗin haka zai tsorata majinyaci ya gudu. Ni a ganina ɓoyewar ce ta fi korar mutane, domin ranar da abin ya faru ga mutum ɗaya a gari, labarin da zai bazu shi ne maganin asibiti ne ya kashe shi, daga nan mutum goma su ƙi zuwa. Wanda aka gaya masa gaskiya tun farko, shi ne ke dawowa.

Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe tana yaye ma'aikatan da ke zaune a ƙananan asibitocin ƙauyukanmu. Su ne na farko da majinyacin nan zai gani. A koya musu tambaya guda, su riƙa yin ta ga duk babban da ya zo da ƙarancin jini mai maimaituwa: ka taɓa jinyar sankara? Idan ya ce e, a rubuta masa takardar zuwa Gusau a ranar.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a 2024, ana kuma gyaran asibitoci. Cikin wannan aiki a sa rajistar masu sankara ta jiha, da suna da gari da lambar wayar ɗan'uwa, don a san su wa aka yi wa magani, a kuma iya nemo su. Ibadan ta buɗe irin wannan rajista tun 1960. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, ta duba yadda za ta ɗauke wa waɗanda suka warke kuɗin awon jini na shekara, don ba wani kuɗi ne mai yawa ba idan aka kwatanta da jinyar da zai hana. Wakilanmu a Abuja kuma su san cewa asusun tallafin masu sankara na tarayya da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara. Su matsa a ba masu sankarar jini cikakken gurbi a ciki.

Ku kuma 'yan'uwa da ke saurare, idan akwai wanda ya taɓa wannan jinya a gidanku, yau ɗin nan ku nemo katinsa da kwalayen magungunan da suka rage. Ku ɗauki hotonsu da waya, ku tura wa mutum biyu cikin dangi, ɗaya a gari ɗaya a wani garin, ku sa na takardar a leda ku adana tare da takardun gona. Idan katin ya ɓata, ku je asibitin da aka yi jinyar ku nemi a rubuta muku taƙaitaccen bayani. Sannan ku tambaye shi yaushe rabonsa da awon jini. In ya wuce shekara, ku haɗa masa kuɗin mota ku raka shi cikin makon nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba jiharmu zaman lafiya.